Wanda Ke Riƙe Da Saman Fensir

Dankalin turawa nake sayarwa a gefen unguwar Terminus, tun kafin babbar kasuwa ta ƙone. Yawancin cinikina na buhu ne. Mutum zai bugo waya daga Kano ko Bauchi, in ɗinke masa buhu, a kai tasha, direba ya tafi da shi. Kowane buhu sai an rubuta sunan mai shi da garin da zai je, da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, da manyan baƙaƙe. Ni ban iya ba. Allo na yi ina yaro a unguwar Gangare, boko kuwa ko ƙofar ajin ban taɓa leƙawa ba. 'Yata ta fari ce take rubuta min. Sunan mahaifiyata na sa mata, shi ya sa ba na kiran sunanta, sai dai in ce uwata. Da ta gama karatu aka ce za a tura ta bautar ƙasa can kudu in damina ta wuce, na san dole in iya rubuta buhu da hannuna kafin ta tafi. Shi ne na shiga ajin manya, da furfura a gemuna.

A wata firamare ake yin ajin, bayan yara sun tashi, daga la'asar zuwa kusan magariba. Bencin na yara ne, gwiwa tana dukan tebur. Malamanmu biyu, suna karɓa-karɓa. Ɗaya tsohuwar malama ce da ta yi ritaya, Kirista, 'yar ƙauyukan nan na kan dutse, kullum cikin rigar sanyi, kullum tana ƙamshin man zafi. Madam muke ce mata. Ɗayan Bayarabe ne, ma'aikacin ofis, mai yawan dariya. Shi kuma Oga.

Madam ta san yawancinmu daga masallaci muke zuwa, da alwalarmu, muna so mu kai ta magariba. Saboda haka ba ta taɓa kama hannun namiji ba. Dokarta ɗaya ce: kowa ya zo da dogon fensir. Sai ta tsaya a bayanka, kai ka riƙe ƙasa, ita ta riƙe sama da yatsa biyu, ta ja, ka bi.

"Baba Dankali, saki hannu," haka take ce min. "Fensir ba fartanya ba ne. Kar ka yi noma a takarda na."

In na saki, sai baƙi ya fito zagaye, tsaf, kamar na littafi. In fensirinka ya gajarce, ta ba ka sabo daga jakarta. Ba ta taɓa bari wani ya yi kuskure a gabanta ba.

Oga kuwa alli zai jefo maka.

"Alaji, je allo. Rubuta Bauchi."

"Oga, ba a koya mana ba."

"Shi ya sa na ce ka je."

In je in yi ta ƙwarzane-ƙwarzane, ya tsaya ya karkata kai yana kallo, ya ce, "Wannan garin, wace tasha ake shiga motar shi?" Aji ya ɗauki dariya, har da ni. Ranar Oga jan ƙafa nake yi. Ranar Madam kuwa tun kafin a buɗe ƙofa ina wurin.

A wannan daminar ne uwata ta kamu da kallon wani katun na Japan a waya. In ruwa ya tsare mu a rumfa, ba mai saye, sai ta jingina wayar da buhu. Da farko tsokanarta nake yi, babbar budurwa da kallon zane. Daga baya na matso. Ita tana karanta Turancin da ke wucewa a ƙasa, tana juya min da Hausa.

Labarin wani gari ne da fatalwa ke shigowa ta gidajen da mutane suka ƙaura suka bari. Akwai matasa da ake koya wa shiga irin gidajen nan, su nemo ƙofar da abin yake fitowa, su rufe. Malamansu biyu. Ɗaya tsohuwa ce, gajeriya. Ita in za ta tura almajirinta, sai ta ɗaura masa jan zare a wuyan hannu, ta zauna a bakin ƙofa riƙe da ɗaya gefen. In ta ja dama ya yi dama, in ta ja baya ya dawo. Nata ba wanda ya taɓa ko ƙwarzanewa. Ɗayan wani siriri ne, kullum yana cin wani abu a takarda. Shi kai ka bakin gida zai yi, ya tura ka ciki, ya ja ƙofa, ya tafi. Nasa akwai wanda ya fito ba kunne ɗaya. Akwai wanda bai fito ba.

"Wannan ba malami ba ne," na ce, "azzalumi ne."

"Baba, amma ka lura? Na tsohuwar ba wanda ya taɓa shiga shi kaɗai."

"Sun dawo da kunnuwansu dai."

Ta yi dariya ta ce, "Kai dai Madam kake karewa."

Ban musa ba.

Tsakiyar damina Madam ta kwanta ciwo. Ba a daɗe ba aka ce ta rasu. Muka yi ayari muka je gaisuwa, muka zauna a ƙarƙashin rumfa tare da mutanen cocinta. Ajin ya koma hannun Oga shi kaɗai.

Wata ranar na riga kowa zuwa, kamar yadda na saba a ranakunta. Hadari ya haɗo, ajin ya yi duhu tun rana ba ta faɗi ba, iska tana kaɗa taga. Na fito da dogon fensirin da ta ba ni na ƙarshe, na ce bari in gwada kafin Oga ya zo ya yi min dariya. Na riƙe ƙasa, na saki hannu.

Sai na ji nauyi a sama. Ba nauyi mai yawa ba, kamar dai na yatsa biyu. Fensirin ya karkata, ya ja, na bi. Baƙin ya fito zagaye, tsaf, har da 'yar wutsiyar nan da take yi wa nata. Na ji ƙamshin man zafi. Ban waiwaya ba. Na zauna a haka har na ji takun mutane a baranda, nauyin ya ɗauke.

Ni Musulmi ne, na san wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa koyar da aji. Na gaya wa kaina sabo ne, hannu ne ya haddace. Man zafi kuwa, tsofaffi nawa ke shafawa a garin nan mai sanyi? Gaskiyar magana, daɗi na ji. Daga ranar, duk aikin gida da Oga ya bayar, da dogon fensir nake yi, a rumfa, in ba kowa. Kullum nauyin yana zuwa. Oga ya duba, ya dube ni.

"Alaji, wa ya yi maka wannan?"

"Ni na yi."

"To je allo ka sake."

A allo, da guntun alli, hannuna ya koma na da. Na gwada da maka a kan tsohon buhu, haka nan. Maka gajere ne, in ka riƙe shi ba sauran wurin da wani zai kama. Damina tana ja baya, uwata ta fara haɗa kaya, ni kuwa ko Kano ban iya rubutawa a buhu ba.

A cikin katun ma an zo wurin da tsohuwar ta mutu. Almajirinta da ta fi so ya ƙi kwance zaren. Ya shiga wani gida da shi a hannu, ɗaya gefen yana ja a ƙasa, ba mai riƙewa. Da ya kai tsakiyar gidan, sai zaren ya miƙe, ya ja shi dama. Yaron ya yi murmushi ya bi. Aka nuno siririn malamin a waje, ya daina tauna, ya faɗi wata magana.

"Me ya ce?"

Uwata ta mayar da wurin baya, ta sake karantawa. "Ya ce abin da ke cikin gidan ya daɗe yana kallon yadda take ja."

Na ce ta kashe, ruwa ya tsaya, a buɗe kaya. Ruwa bai tsaya ba. Ta dube ni, amma ta kashe.

Washegari da hantsi ta tafi banki, rumfa ba kowa, gari ya yi luf, ana yayyafi. Na ce bari in gwada sau ɗaya, in tabbatar wa kaina sabo ne. Na yi niyyar rubuta Kano. Nauyin ya zo. Muka yi baƙin farko, muka yi na biyu, na uku. Da muka zo na ƙarshe, mai zagayen nan, fensirin ya zagaya ya rufe, bai tsaya ba. Ya sake zagayawa. Ya sake. Na so in ɗaga hannu, aka danna daga sama. Ba da yatsa biyu ba. Madam ba ta taɓa dannawa ba, ko sau ɗaya. Zagayen ya yi baƙi ƙirin, takarda ta huje, bakin fensir yana cin katakon tebur, wuyan hannuna yana zafi. Kuma ba ƙamshin man zafi, sai warin jiƙaƙƙen ɗaki da aka daɗe ba a buɗe ba. Na kama Ayatul Kursiyyu a bayyane. Ban san inda na kai ba bakin fensirin ya karye, hannuna ya faɗi.

Maƙwabcina mai tumatir ya leƙo ya ce, "Lafiya, Malam?" Na ce lafiya.

Da la'asar na tsaya bayan an tashi, na gaya wa Oga. Na zaci zai yi dariya. Ya karɓi fensirin, ya juya shi, ya ga inda farcen Madam ya yi ɗan rami a fenti. Ya daɗe yana kallo.

"Ni ma ita ta koya min, Alaji," ya ce. "A firamare. Na gama aji uku ban iya rubuta sunana ba in ba ta tsaya a bayana ba." Ya miƙo min. "Ban san wa ke riƙe maka ba. Ni dai ba na barin wuri a sama."

Ya laluba aljihu ya fito da reza, ya ajiye a tebur. Bai yanke min ba. Ya ɗauki jakarsa ya fita baranda, ya ja ƙofa.

Ajin ya yi tsit. Na ji kamar akwai wanda ya tsaya a bayana, daidai inda Madam take tsayawa. Na ce a raina, Madam, in ke ce, na gode, Allah ya san na gode. In ba ke ba ce, ba ni da abin ce maka. Na sa reza na yanke fensirin, na bar wa kaina guntu wanda bai wuce yatsana ba. Na fiƙe shi. Na rubuta Kano. Ya fito a karkace, baƙaƙen kamar an jefo su daga mota, ba nauyin kowa a kai.

Sauran makonnin wahala ce zalla. Oga bai rage dariya ba. Ya sa na kawo tsofaffin buhuna aji, in shimfiɗa a ƙasa, in durƙusa in rubuta da maka, shi yana zagaye ni yana cewa wannan buhun Kamaru zai sauka. Uwata ta rubuta min sunayen masu sayen kayana, ina kwafa, ina ɓatawa, ina sakewa. Ban taɓa son mutumin nan kamar yadda na so Madam ba, har yau.

Ana gobe uwata za ta tafi aka bugo daga Bauchi. Ta ɗauki maka kamar kullum, sai ta tsaya, ta miƙo min. Na durƙusa. Na daɗe. Da muka kai tasha direba ya sunkuya, ya tsura wa buhun ido, ya karanta sunan daidai, ya ce, "Bauchi ko? Wane yaro ne ya rubuta wannan?"

"Babana ne," in ji uwata.

Ya ce a yi haƙuri, ya ɗora buhun a mota.

A hanyarmu ta dawowa ta ce ko ta ba ni labarin yadda yaron nan mai zare ya ƙare, ta kalla har ƙarshe. Na ce a'a. Ta ce to yanzu wa ya fi, tsohuwar ko siririn? Na ce tsohuwar ta fi kirki. Ta ce ba abin da ta tambaya ba ke nan. Na ce na sani.

Saman fensirin kuwa, wanda farcen Madam ya yi wa rami, ban iya jefarwa ba, ban kuma so in kai shi gida ba. Ranar da na yanke shi, a kan tagar da take ajiye jakarta na ɗora shi. Da na dawo aji na gaba babu shi. Ba abin mamaki ba ne, da safe yara ne a ajin, kuma yaro ba ya ganin fensir ya wuce. Wani ya ɗauka, ya fiƙe, yana rubutu da shi. Yana da sauran tsawo.