Direban Jirgin da Bai Iya Iyo Ba

Shekara ashirin da biyu Nyam ya yi yana aiki a kan ruwa, kuma bai iya iyo ba.

Mutumin Bukuru ne, can gefen Jos. Ruwan da ya sani yana yaro shi ne na tsofaffin ramukan kuza, waɗanda aka haƙa aka watsar suka cika. Wata damina ɗaya daga cikinsu ya ci yayansa. Tun daga ranar mahaifiyarsu ta hana shi ko wanke ƙafa a bakin rami, shi ma bai yi mata musu ba.

Da ya zo Manchester, aikin da ya samu shi ne na jirgin kwasar shara a Salford Quays, tsohuwar tashar jiragen ruwa. Ƙaramin jirgi ne mai faɗi, injinsa na tari kamar tsohon mashayin taba. Direbansa wani dattijon Bature ne, Derek, wanda ya yi ƙuruciyarsa a jiragen da ke jan manyan jiragen kaya zuwa tasha. Bai tambayi Nyam takarda ba. Ya miƙa masa doguwar sanda mai ƙugiya, ya nuna masa wata taya da ke yawo a ruwa. Nyam ya jawo ta. Shi ke nan, an ɗauke shi.

Zamanin nan ya fi masa daɗi. Gidajen gilashi ba su cika bakin ruwa ba tukuna. Da safe su zauna a kan murfin inji don ɗumi, su sha shayi, Derek yana nuna masa inda jiragen auduga da na hatsi ke tsayawa a da, yana kiran sunayensu kamar 'yan uwansa da suka mutu. Sun ciro kekuna da kujeru da ƙwallaye ba adadi, har da wani kare da ransa, wanda Derek ya tafi da shi gida. Nyam bai taɓa cire rigar ceto ba, ko ana tsananin zafi. A yi masa dariya, ya ƙyale. Da Derek ya rasu, shi aka ba sitiyari.

Bana sai ga takarda daga ofis. Duk mai hawa jirgi zai yi gwaji a wurin iyo: ya faɗa ruwa mai zurfi da rigar ceto, ya kai wancan gefe, ya hau. Wanda ya kasa, a mai da shi aikin shara a tudu.

Ya ninke takardar ya cusa a Littafi Mai Tsarki. Nan matarsa Celestina ta tsince ta ranar Lahadi.

"Baban Bethany, yaushe za ka gaya musu?"

"In gaya musu me?"

"Kai da ko a baho ba ka yarda ruwa ya wuce maka gwiwa?"

"Ki bar ni. Shekara ashirin da biyu ban faɗa ba, sai yanzu?"

"To ai faɗawar ake so ka yi ranar test ɗin."

Ita ta kira Sunusi, abokin aikinsa, ɗan Yawuri da ya tashi a bakin kogi. Sunusi ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Oga! Ashe duk shekarun nan dutsen Jos muke yawo da shi a jirgi?"

Amma bai gaya wa kowa ba. Asabar shida a jere ya kai shi wurin iyo kusa da Hulme da sassafe, lokacin da babu kowa sai tsofaffin mata masu motsa jiki.

"Saki ƙarfen nan, Oga," in ji Sunusi, ganin ya riƙe ƙarfen bakin ruwan gam.

"Na saki."

"Da hannu ɗaya ka saki. Ɗayan fa, na gwamnati ne?"

Ranar gwaji Nyam ya tsaya a bakin ruwa cikin samari sa'o'in 'ya'yansa. Ruwan ya kwanta shiru, kamar na ramin nan na Bukuru. A ransa ya ce wa mahaifiyarsa, wadda ta daɗe a kabari, ta yi haƙuri. Ya faɗa.

Babu kyan gani. Ya sha ruwa, ya yi ta dukansa kamar mai dambe, samarin duk suka fita suka bar shi. Amma ya kai, ya kama ƙarfe, ya hau da kansa. Mai gwajin ta sa alama a takarda, ta kira na gaba.

Ranar Litinin ya tayar da inji kamar kullum. Da suka iso inda Derek ke cewa jiragen auduga na tsayawa, ya rage gudu, ya cire safar hannu, ya sunkuya ya tsoma hannu a ruwan. Bai taɓa yi ba. Sanyi ƙarara, ga ƙaurin mai.

"Yaya, Oga?" in ji Sunusi.

"Datti ne," in ji Nyam, yana goge hannu a wando. "Miƙo sandar. Ga taya can."