Yaya, Ba Zan Saki Wanda Ka Riƙe Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran yayana, mai gidan burodin unguwarmu, bayan gajeriyar jinya. Aka yi masa sutura bayan azahar.

Yaya, mutane sun faɗi alherinka a wurin zaman makoki, kuma ba su yi ƙarya ba. Ba ka taɓa rage nauyin burodi a ɓoye ba. Wanda ya kwana, ba ka sayar da shi da sunan na yau. Ma'aikacin da matarsa ta haihu, kai kake sa rigar aiki ka tsaya a madadinsa. Amma akwai alheri guda da kowa ya yi shiru a kai saboda kunyata. Shi zan faɗa.

Babban ɗana ya dawo daga karatu ya ce shi bai yarda akwai Allah ba. Ni na haife shi, ni na koya masa alwala. Na ce masa ɓata ce, kuma har gobe haka zan ce. Dangi suka ce a yanke shi. Kai kuwa ka aiko ya same ka a wurin aiki, ka miƙa masa hula da safar hannu, ka ce ya fara washegari.

Bai zo maka da sauƙi ba. Yaron da ya ce ya bar addini ya fi kowa wa'azi. Yana da littattafan da ba a yi musu gyara, yana da manyansa da ba sa kuskure, suna da zamansu duk mako, kuma wanda ya bar su ya koma salla sun ɗauke shi maci amana. Ba ya barin mai kwaɓa fulawa ya yi bisimilla cikin kwanciyar hankali. Ma'aikata suka sa masa suna Liman. Abin da ya fi tsone masa ido shi ne sallar da kuke yi a ƙofar shago, domin ciki buhuna sun cinye wuri. Ya ce hanya ta kowa ce, mai ibada ya shige ɗakinsa.

Ina wurin ranar da ka tanka masa. Ka ce, "Ɗana, ka fita daga masallaci ka gina wani, har kana kiran salla."

Ya ce, "Kawu, wanda ba ya noma ai ba a ce masa manomi."

Ka ce, "Gaskiyarka. Amma mai bin gonakin mutane yana tuge shuka, shi ma a gona ya wuni."

Ko shi sai da ya yi dariya. Sannan ka yanke hukunci. Tanderu ba ya jiran kowa, shi ya sa kullum sai mutum ɗaya ya rasa jam'i yana gadin wuta. Ka ce masa, tunda shi ba shi da salla, to gadin nasa ne. Ka kuma sa aka matsa da tabarmi jikin bango don mai wucewa ya wuce, ka ce a wannan kam yaron yana da hujja. Daga ranar ma'aikatanka suka riƙa salla sahu ɗaya, burodi bai ƙone ba, kuma shi ne mai leƙowa ya ce, "Lokacinku ya yi, ku tafi, na riƙe."

Haka ka tsare shi ta ɗaya gefen. Da wani mai sari ya ce ba zai ƙara ɗaukar burodin da hannun kafiri ya taɓa ba, ka raka shi har bakin ƙofa cikin mutunci, ka ce Allah Ya ba shi kasuwa a wani wuri. Na yi maka faɗa a kan sassauci, ka ce da ni, "Ƙanwata, idan muka kore shi, a ina zai ƙara jin kiran salla?"

Yanzu ga shi ƙasa ba ta bushe a kanka ba, magana ta tashi. Babban ɗanka ya same ni ya ce, "Gwaggo, don Baba muka yi haƙuri. Yanzu ya kama gabansa." Shi kuma nawa ya fara cewa lokaci ya yi da za a ɗauke tabarmin daga ƙofa. Ashe kowannensu jira yake ka kau da ido, kuma kowannensu yana ganin shi ne mai gaskiya.

To ni ce babba da ta rage a gidan nan, kuma na tara su na faɗa musu. Na ce wa ɗanka, wanda ya kori ɗan'uwansa daga abincinsa don ya kare Allah, ya sani Allah bai nemi ɗan sanda a wurinsa ba. Na ce wa nawa, ya riƙe ra'ayinsa, hisabinsa ba a hannuna yake ba, amma ranar da ya taɓa tabarmar wani, ni zan fara tsaya masa a gaba. Ya ce, "Umma, ke ma kin koma Kawu?" Na ce a'a, Kawu da murmushi yake yi, ni ba ni da shi. Ba wanda ya fita yana murna. Amma da safe dukansu biyu sun fito aiki, kuma muddin ina numfashi haka za su ci gaba.

Iyaye, ku ji ni. Ɗa ba ya zama bare don ya ɓata, kuma uwa ba ta zama maƙaryaciya don ta riƙe shi. Zan ci gaba da gaya masa gaskiya a kan tabarmar cin abinci, in kuma roƙa masa shiriya a kan ta salla.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, wadda ta yi jinyarka ba ƙorafi, da 'ya'yanka, da ma'aikatanka da suka rasa uba. Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa haƙurin da ka yi da ɗana ya zama nauyi a mizaninka. Ya shiryi namu da suka kauce, Ya hana masu salla girman kai. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.