Ni Na Tuƙa, Sha'aibu Aka Gode Wa

Duk wanda ya san Malam Sha'aibu ya san ba a gaishe shi yana tafiya. Kai dai ka yi sallamarka, shi kuwa ya ɗaga maka yatsa ɗaya, leɓensa na motsi, ya wuce kamar bai taɓa ganinka ba. Ƙirgen taku yake yi. In ya cika ɗari sai ya ɗauki tsakuwa daga aljihun dama ya jefa a na hagu. Sai ya isa inda za shi sannan ya juyo ya amsa gaisuwar mutum biyar a jere, har da waɗanda suka riga suka shige gida. Wata rana baƙo babba ya zo daga Tasawa, ya fito daga mota ya miƙa masa hannu. Haka hannun nan ya tsaya a iska har Sha'aibu ya cika tamanin da bakwai a gindin bedi, wato dogon yaro.

Ni taubashinsa ne. Uwata ƙanwar ubansa ce, don haka tun ina rarrafe yake ce mini "bawana", har na yi furfura bai daina ba. Tunda ya riga mu gidan gaskiya, bari in faɗi tawa gaskiyar. Na yi shekaru ina ƙyashin mutumin nan, ƙyashi irin wanda ke hana mutum jin daɗin tuwo.

Ga dalili. Shekara talatin yana auna filaye a meri, wato ofishin magajin garinmu, da ƙafa da igiya. Ni na yi lakwal, wato boko, har Maradi, na dawo da takarda mai hatimi, aka ba ni aikin da ya bari da ya yi ritaya. To wace ritaya? Kullum da safe yana nan gindin bedin meri, da sandarsa da takalminsa na taya wanda ya ƙi sakewa, wai sabon takalmi yana rage wa mutum taku. Mai rikicin gona zai shigo, ya gaishe ni a tsaye, ya wuce teburina ya je ya tsugunna gaban Sha'aibu. Abu ɗaya nake so a duniya lokacin, wato mutanen yankin nan su kawo awonsu wurina, su yarda da abin da na ce.

Shi kuwa ba ya yarda da abin da kowa ya ce. Kalmarsa biyu ce: "An taka?" Ka ce masa sabuwar hanyar Mayahi ta fi kusa, ya ce an taka? Har da muka gaya masa mutane sun je duniyar wata, tambayar ke nan. Aka ce ƙwarai, sun sauka sun taka.

"Tau, na yarda," in ji shi. "Taku nawa sunka samu?"

Sai ga dron ya zo. Wani shiri na taimakon ƙananan hukumomi ne ya ba merinmu ɗan jirgin nan marar matuƙi, mai farfela huɗu da kyamara a ciki, don ɗaukar hoton filaye daga sama. Ni aka tura Maradi sati biyu na koyo tuƙinsa. A motar dawowa ban iya rufe baki ba don murna. Na ce a raina, yau dai na samu abin da Sha'aibu ba zai iya sa wa hannu ba.

Da na buɗe akwatinsa a meri, ya leƙo ya ga soson da aka yanka daidai jikin jirgin. Ya danna shi da yatsa.

"Diba min nan," ya ce. "Shekara talatin ina ma gwamnati aiki, ko kujera ba a ba ni ba. Wanga ya zo jiya, an yi mishi katihwa."

Aka sa ranar gwaji a filin lakwal. Magajin gari ya zo, masu gari suka zo, mata da yara suka cika wurin. Kafin a fara na yi wa magajin gari bayani, na ce zai tashi, ya yi gabas har rijiya, ya juyo arewa, ya dawo ya sauka. Ban kula Sha'aibu na bayana yana saurare ba. Na sunkuyar da kai kan allon da ke hannuna, jirgi ya tashi, mutane suka ɗau kabbara. Ina jin sowa tana ƙaruwa, kaina na ƙara girma. Da na ɗago, me zan gani? Sha'aibu tsakiyar fili, ya ɗaga sanda sama. Ya nuna gabas, jirgi ya yi gabas. Ya karkata sanda arewa, jirgi ya bi. Da lokacin sauka ya yi, ya riƙa sauke sandar a hankali har ƙasa. Kai! Mutane suka ruga wurinsa, wani tsoho har da riƙe masa hannu biyu. Ni ko kallona ba a yi ba. Wata mata ma cewa ta yi in matsa da wayata, ina tare wa mutane hanya.

"Yaya, mi na yi maka?" na tambaye shi da aka watse.

"Ni? Ƙuda nike kora, bawana."

Daga ranar sunansa ya zama jirgin Sha'aibu. Har a kasuwar Tasawa an tare ni an tambaye ni, wai da gaske ni nake ɗaukar masa akwati?

Da damina ta yi tsakiya, magajin gari ya ce in ɗauko hoton inda ruwa ke kwanciya cikin gari, don a san inda za a haƙa magudana. Na tashi jirgi bisa unguwar Yamma, na gama aikina lafiya lau. Ban kai ga shan ruwa ba sai ga Inna Rabi, tsohuwar nan mai sai da daddawa, ta faɗo meri da muciya a hannu.

"Ina marar kunyar da ka leƙen gidajen mutane ta bisa? Surukata na wanka! Ko magini in za shi hau soro sai ya yi shela, bale ku!"

Wallahi abin bai taɓa zo mini a rai ba. A Maradi an koya mana iska, an koya mana batir, ba wanda ya ce mana komai game da makewayin da ba shi da rufi. Sai na ji murya daga gindin bedi.

"Ki yi haƙuri, Inna. Sai da na hwaɗa mishi."

Bai faɗa mini ba! Allah shaida bai faɗa mini ba. Amma washegari shi ya shiga gaba, ni ina biye. Duk taku hamsin sai ya tsaya, ya kafa hannu a baki: "Salamu alaikum masu gida! Za a hau bisa! A kimtsa!" Sai ya jira, ya ƙirga wasu ashirin a tsaye, sannan ya yi mini alama in tashi jirgi. Aikin awa ɗaya ya ci mana yini. Mata suka riƙa aiko masa da fura da dafaffiyar gujiya, suna cewa ai shi dattijo ne, ya san mutunci. Inna Rabi da kanta ta kawo masa daddawa ƙulli uku. Ni ina tsaye cikin rana, gumi na shiga mini ido, sai da ya sha ya ƙoshi ya miƙo mini ƙwaryar, saura tsaki a ƙasa.

Babbar kunyar ta zo a kan burtali. Akwai hanyar shanu da ta gangaro daga wajen Mayahi ta ratsa gonakinmu. Kowace shekara sai an yi rigima a kanta tsakanin manoma da makiyaya, bara waccan har an zare sanduna, an fasa wa wani kai. Kwamitin filaye ya yanke shawara a kafa turakun siminti gefe da gefe, kowa ya huta. Aka ce ni zan fitar da taswirar da za a bi.

Na ba aikin nan raina. Bayan an cire amfanin gona na yi kwana uku ina shawagi, na haɗa hotuna a kwamfuta, abu ya fito tsaf. Ana ganin layin gamba biyu, ciyawar da ake shukawa a iyakar gona, ɗaya dama ɗaya hagu, burtali a tsakiya. Na ja layina bisa gambar, na sa sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ranar taro na manna ta a bango. Masu gari suka yi ta gyaɗa kai. Ardon makiyaya ya daɗe yana kallo, na ɗauka burge shi ta yi. Magajin gari ya ɗauki biro zai sa hannu.

"An taka?"

Na ji kamar in haɗiye zuciya. Na ce, "Haba Yaya! An gani daga bisa, har kashin shanu ana gani."

"Ban ce ba a gani ba."

Haka ya kwashe mu duka zuwa daji, wasu kan babur, wasu cikin amalanken jaki. Ya tsaya gindin wani tsohon gawo, ya jingina baya, ya fara taku. Ya kai layin gamba, ya tsallake ta kamar ba ta nan, ya shiga gonar wani mai suna Alhaji Idi, ya ƙara ashirin. Nan ya tsaya ya ce a ba shi hauya. Ya haƙa har kusan gwiwar hannu, sai ga gawayi baƙi ƙirin da fasasshen kasko. Ashe lokacin da aka fara fitar da burtalin, shi yana sabon shiga aiki, gawayi suka binne a kowace kusurwa, don gara ba ta cin sa. Gamba kuwa ana tumɓuke ta a dasa gaba kaɗan, shekara bayan shekara, ba mai lura.

Alhaji Idi ya ce shi wallahi haka ya gaji gonarsa.

"Ƙwarai," in ji Sha'aibu. "Marigayi ubanka ya matsa goma, kai ka matsa goma. Duka ina ƙirge."

Aka fashe da dariya, har ardo. Magajin gari ya tambaye shi me ya hana shi magana tuntuni. Ya ce gamba yana ganin wata rana za a mai da ta inda take, amma in aka zuba siminti shi ke nan. Ni kuwa na yi lissafi a raina. Da an bi layina, da kusan rabin burtalin ya tafi da sa hannuna a ƙasa, kuma ranar da jini ya zuba a kansa, sunana za a karanta. Ya cece ni, na sani. Amma in ce muku na ji daɗi, na yi ƙarya. Haushi ne ya cika ni, don a gaban kowa ya yi.

Kwana tara muka yi muna bin burtalin tare, shi yana tono, ni ina sa alama a taswira. Rana ta shida wata kusurwa ta ɓace masa, don gawon da yake auna ta da shi an sare shi tun tuni. Ya yi ta zagaye, tsakuwa na kai da kawowa tsakanin aljihu, ba labari. Da mutane suka tafi salla, sai ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Bawana, tashe mini abin nan naka, ka diba ko ka ga kututture. In ka hwaɗa ma wani, ni da kai har lahira."

Cikin minti biyar na gano shi, yashi ya kusa rufe shi. Da aka dawo daga salla ya taka kai tsaye zuwa wurin, ya buga sanda ya ce, "Nan ne, ƙahwata ba ta mantuwa." Na riƙe masa wannan asiri yana raye. Yau na faɗa, ya zo ya kama ni.

Aka kafa turaku, rigima ta kwanta. Taswirar tana nan a bangon meri da sunana a ƙasa, amma je ka tambayi kowa, zai ce maka iyakar Sha'aibu ce. Ranar da na ji wani bafulatani ya faɗi haka a gabana, na kasa daurewa, na same shi gindin bedi.

"Yaya, wai ni yaushe za a san ina aiki a garin nan?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ɓare goro ya ba ni ƙaramin ɓarin.

"Kai dai jira kake in mutu. Tau ka sha zama, lahiyata lau."

Muka yi dariya, na ce masa ai irinsa sai an gaji da su. Ba a yi wata huɗu ba ya kwanta, kwana biyar kacal.

Da safen da ya cika, mun taru a ƙofar gida, masu haƙa kabari suna tsaye da diga suna jira a ba su tsawo. Liman ya zaro karan dawa daga jikin danni, ya duba mutanen da ke wurin, dattawa cike, ya wuce su duka ya miƙo mini.

"Haruna, shiga ka auno ɗan'uwanka. Aikinka ne yanzu."

Ba wanda ya yi gardama, ba wanda ya nemi a sake dubawa. Na shiga ɗakin, na durƙusa, na shimfiɗa karan daga kansa zuwa ƙafa. Ashe ɗan guntun mutum ne, ban taɓa lura ba. Sai da na auna sau uku kafin na karya karan. Na fito na miƙa, suka karɓa suka tafi da shi, ni kuwa na juya fuska bango na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar uwata.

Allah Ya jiƙan Yaya Sha'aibu, Ya yalwata masa makwanci fiye da abin da na auna. Allah Ya yafe masa, ni ma Ya yafe mini abin da na riƙe a zuciya. Amin.