Sahabi Mai Hoto da Askar Gobirawa

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Sahabi Mai Hoto. Ni tela ne, bango ɗaya ya raba shagona da nasa a bakin kasuwar Sabon Birni, kuma mun daɗe muna cin abincin rana a kwano ɗaya. Shagon nasa yanzu cajin waya ake yi a ciki.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Kwan lantarki uku ne, da tsohuwar lema da ya shafa wa farin fenti a ciki, da labule shuɗi. Babban kwan yakan ɗaga shi sama da kan mutum, ya karkatar da shi gefe, ya juya shi cikin lemar don hasken ya dawo da taushi. Na biyu ya fi rauni, aikinsa rage inuwa a ɗaya kuncin. Na uku a baya yake ajiye shi, don kada mutum ya manne da labule. In babu wuta sai ya buɗe taga, ya zo shagona ya ari farin yadi, a riƙe masa ta ɓangaren da ba tagar. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne baƙin mutum cikin farar riga, domin rigar ce ke kwashe hasken, fuska ta koma duhu. Sai ya rataya baƙin ƙyalle ya tare rabin fitilar daga ƙasa. Yakan daɗe yana wannan gyare-gyare, har masu jira su fara tsaki.

Wata ranar kasuwa wani saurayi daga Gangara, Bala, ya zo da mahaifiyarsa Inna Tumba. Kudu zai tafi neman aiki, yana son hoton tsaye, daga kai har ƙafa. Yana da askar Gobirawa a kumatu biyu, fitacciya.

"Malam Sahabi, ka ɓoye mini askar ga," in ji Bala. "An ce can dariya suka yi wa mai ita."

Inna Tumba tana zaune a benci. Sahabi ya dube ta, ya dubi yaron.

"Biyu za ni ɗauka," ya ce. "Guda taka, guda ta Inna. Ka yarda?"

Bala ya yarda. Sahabi ya jawo babbar fitila ya tsayar da ita daidai gaban fuskarsa, hasken ya cike kowane rami, askar ta kwanta har da ƙyar ake ganinta. Ya ɗauka. Sannan ya mayar da fitilar gefe sosai, ya kashe ta biyun, kowane layi ya tashi da 'yar inuwarsa. Ya sake ɗauka. Mutum ɗaya, riga ɗaya, amma da aka wanko hotunan sai ka ce wa da ƙane. Kowa ya ɗauki nasa.

Bala bai dawo ba. Ya yi aure a can, ya yi rashin lafiya, aka rufe shi a can. Sahabi ma ya riga shi, hawan jini ya kwantar da shi daminar da ta gabata kafin nan.

Bayan 'yan bindiga sun tashi mutanen ƙauyuka da dama, sai ga Inna Tumba a ƙofar shagona, ta tsufa ƙwarai. Sun gudo ba su ɗauki komai ba, hoton yana jikin bangon ɗakinta, ɗakin kuma ya ƙone. Matar Bala ta turo mata ɗayan hoton ta wayar wani maƙwabci.

"Na duba, na sake dubawa," ta ce. "Wanga ba shi ne na haifa ba. Ko maƙwabcinka ya bar wani abu?"

Iyalan Sahabi sun ba ni wani akwatin ƙarfe cike da fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, ban taɓa buɗe shi ba. Ba suna, ba tsari. Na yi kwanaki ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa in ɗinki ya lafa. Da yawa danshi ya lalata. Na Bala mai askar ma danshin ya ci shi daga ƙirji zuwa ƙasa, amma fuskar tana nan. Na ba wani direba ya kai Sakkwato aka wanko. Da na miƙa mata ba ta yi kuka ba. Ta bi layukan da yatsa, ta ce, "Wanzamin Kamarawa ne ya yi masa, ranar suna." Ta naɗe shi a gefen zane, ta yi wa Sahabi addu'a, ta tafi.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Kowa da na'urar hoto a aljihu, waya tana goge aska da kanta, tana mayar da baƙi fari ba tare da an roƙe ta ba. Ba na jin zai yi fushi. Shi ma ya ɓoye wa Bala tasa da ya nema. Ina tsammanin zai sayi wayar, ya ci gaba da kama kafaɗar mutane yana juya su wajen taga. Abin da zai dame shi shi ne ba a tambayar mutum wace fuska yake so a bar masa.

Sahabi bai bar almajirin sana'a ba, bai bar gida na kirki ba, kuma bai taɓa buga hatimi a bayan hoto ba. A ɗakunan hayar da mutanen ƙauyuka suka cika yanzu, daga nan har Isa, nakan je auna wa mutum riga in ga aikinsa a bango. Nakan tambaya wa ya ɗauka. Yawanci ba su sani ba. Sai su fara gaya mini wanda ke cikin hoton, da ɗan wa, da inda gonarsa take, ni kuma in tsaya in saurara. Allah Ya jiƙan Sahabi, Ya haskaka makwancinsa.