Tarwaɗar da Mama ta ba ni

Tun ina budurwa nake kwaɗayin gida mai akwatin kifi. A littattafan soyayyar da nake karɓowa haya a Ƙofar Dumi, duk falon da masoya za su fara haɗa ido ba ya rasa gilashi cike da ruwa, kifaye na shawagi a ciki. Saboda haka muna tarewa a wani gidan haya a bayan GRA, na sa maigida a gaba da naci har ya sayo mini.

Tare muka je wurin mai sayar da kifin ado. Na zaɓi biyu masu ruwan zinariya, na ce ga ango ga amarya, sannan ƙanana shida masu zane a jiki, su ne 'yan rakiya. Akwai wasu shuɗaye da na ƙwallafa rai a kansu, mutumin ya hana ni, ya ce mafaɗata ne.

"Hajiya, ki riƙa duba baki, ki bar duba kyau," in ji shi. "Duk kifin da zai iya shiga bakin ɗan'uwansa, wata rana sai ya shiga."

Na ce to, amma hankalina yana kan wutsiyar amaryata, wadda take jan ta cikin ruwa kamar mayafi.

Maƙwabciyarmu dattijuwa ce daga kudancin jihar nan, kowa Mama yake ce mata. Tarwaɗa take kiwo a tankuna a bayan gidanta, tana kai wa masu saye a kasuwar Muda Lawal. Ruwan rijiyarta nake zuba wa kifina, don an ce na famfo yana da magani. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni kuma ita ta yi ta dama mini kunu. Wata Lahadi bayan ta dawo daga coci, sai ta miƙo mini kofi ta saman katanga, da ɗan tarwaɗa a ciki, bai fi tsawon yatsa ba.

"Amarya, na ji kina son kifi. Ga naki, ki rene shi."

To ina zan sa kyautar Mama? A bokiti, kusa da makwarara? Na ga wannan wulaƙanci ne. Na juye shi cikin gilashin falo. Ba zan ɓoye ba, har daɗi na ji da na ga baƙo baƙi mai gashin baki ya lafe a lungu, ga masu ado suna wucewa ta kansa. Na karanta irinsa ba adadi, talakan da ya shigo gidan masu hali, aka raina shi, daga baya ya zama abin so.

Da ya yi sati uku, wata safiya na ƙirga 'yan rakiya na ga biyar. Na ɗaga duwatsun cikin gilashin, na leƙa bayan kujera ko tsalle ya yi. Babu. Bayan kwana huɗu suka koma huɗu. Shi kuwa baƙon sai sheƙi yake, cikinsa ya yi tulu, ya daina lafewa, ya koma tono yana dagula mini ruwa.

Maigida ya ce, "Ki fitar da ɗan iskan nan."

"Da wane ido zan kalli Mama in ta shigo ba ta gan shi ba?"

"To kara ce za ta cinye miki kifi, ba shi ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaisuwar safe. Kullum in ina shanya sai Mama ta leƙo. "Amarya, yaya ɗana? Yana cin abinci?"

"Yana ci sosai, Mama."

"Yawwa! Irin nawa ba su da zaɓe."

Babu dabarar da ban yi ba. Na riƙa cika masa ciki da abinci don ya ƙoshi, ya cinye ya ƙara da ɗan rakiya. Na sa tsohon faranti a tsakiya ya zama shamaki, ya ture shi. Kafin wata biyu su cika babu ko ɗaya cikin shidan, shi kuma ya kai tsawon tafin hannuna da 'yan kai.

Ranar da na tarar da rabin wutsiyar amarya babu, ta maƙale a saman ruwa, ango na zagaya ta, zama na yi a ƙasa na yi kuka. Na share ido, na je katanga na kira Mama, na ce ta shigo ta ga ɗanta. Har na shirya jawabi mai taushi, wanda ba zai ɓata mata ba.

Tana ɗaga labule ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Amarya, a nan kika sa shi? Kanki ɗaya kuwa? Kura kika kwantar a ɗakin awaki!"

"Mama, na ga kyautarki ce…"

"Kyautata ta miya ce! Baho ake sa shi, ya girma a ci. Wata biyu kina ce mini yana ci, ashe abin da yake ci ke nan!"

Ta naɗe hannun rigarta, ta tsoma hannu, ta cafko shi ta bayan kai, ya watsa mana ruwa har kan labule. Tana fita da shi tana faɗa, wai yaran yanzu sun yi boko amma ba su san kifi ba.

Amaryata ta rayu. Wutsiyar ta sake tsirowa, sai dai a karkace, har yau in tana iyo kamar mai ɗingishi. Shi kuwa ya ƙarasa girmansa a tankin Mama, ranar Kirsimeti ta aiko mana da shi farfesu a kwano mai murfi. Na buɗe, na tuna 'yan rakiyata shida, na rufe. Maigida ya janyo kwanon gabansa, ya shanye har romo, yana cewa lallai kifin da aka rena a falo daban yake.