Hannun Hagu na Lastri

Mbah Ngatirah, tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni (Mbah muke ce wa kaka), shekararta arba'in tana naɗe tempe, wato curin waken soya, a ganyen ayaba tana kaiwa kasuwar garin Klaten. Mace ce mai gudun abin faɗe. Ko tari za ta yi sai ta duba ko da mutane.

Ita ke riƙon jikarta Lastri, 'yar shekara shida. An haifi yarinyar da hannun dama a dunƙule, na hagun ma da ƙyar yake kama abu. Bu Endah, mai koyar da motsa gaɓɓai a asibitin gundumarmu, ta ba su aiki: kullum a yi wasan da muke kira dakon, mai kama da dara, yarinya ta riƙa tsintar 'ya'yan tsamiya tana zubawa a ramukan katako.

Da hagu Lastri ta fara iyawa. To, mu nan ko alawa ba a karɓa da hagu.

"Hannu mai kyau, 'yata," in ji Mbah, tana nufin na dama, ta ɗan buge yatsun.

Na ce, "Haba Mbah, ai Bu Endah cewa ta yi kowane hannu."

"Bu Endah ce za a ce ba ta iya tarbiyya ba? Ni za a zaga."

Duk da bugun, hagun ya ci gaba. Har maɓallin riga ta fara ɓallewa da kanta, da idona na gani, amma a kicin, ƙofa a rufe.

Ranar ƙaramar sallah ni da su muka je gaida Pak Karso, dattijon unguwa. Falo cike da baƙi. Ya miƙa wa Lastri ɗan biskit, daidai girman abin da ta saba tsinta. Hagun ya taso, yatsu biyu a buɗe. Sai ta waiwayi kakarta. Ta mayar da hannayen duka biyu bayanta, ta buɗe baki kamar jaririya.

Pak Karso ya sa mata a baki, mutane suka yi 'yar dariyar tausayi. Wata ta ce, "Allah sarki, har yanzu ba ta iya riƙe komai ba."

Ni haushi ya kama ni, ita kuwa Mbah kunya ce ta rufe ta, ta kasa ɗaga kai. Ta san yarinyar ta iya.

Pak Karso ya shafa kan Lastri ya ce, "Amma dai kin iya tarbiyya, Mbah. Kin ga ko kusa ba ta miƙo hagu ba."