Tsohon da Ba Ya Amsa Sunansa

A ɗakin jiran ganin likita na unguwar Ardwick, inda layi ya ƙara tsawo tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, Raki tana kallon wani tsohon Bature. Yana zaune a kusurwa, bayansa jikin bango, idonsa a ƙofa. Ana zafi, amma yana sanye da safar hannu.

Ta miƙa masa dabino, don ba ta iya cin abu a gaban babba ta ƙyale shi.

"Fara ci, 'yata," in ji shi, da Turanci mai karin harshen Rasha.

Sai da ta haɗiye sannan ya ɗauka, kuma ba wanda ta miƙa ba.

Raki ta raya a ranta, wataƙila ɗan leƙen asiri ne da ya ci tudu biyu, yana yi wa Mosko aiki yana kai wa Landan rahoto, har aka sallame shi da sabon suna.

"Mista Holden!" nas ta kira. Sai a kira na uku tsohon ya zabura ya miƙe.

Tausayi ya kama Raki. Ita an yanka mata rago ran suna. Shi kuwa, duk faɗin garin nan babu mai kiransa da sunan da uwarsa ta sani.